Newton ko Einstein: wa ya fi, kuma da gaske ɗaya ya ƙaryata ɗaya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Malam da ka yi tambaya jiya da daddare cewa tsakanin Isaac Newton da Albert Einstein wa ya fi, kuma wai gaskiya ne Einstein ya zo ya rushe aikin Newton, in haka ne me ya sa har yau ake takura wa yara da dokokin Newton a WAEC da JAMB, na ga amsoshi sun yi ta shigowa amma yawanci musu ne kawai, kowa ya riƙe gwaninsa. Bari in ajiye maka su gefe da gefe, sai ka duba da kanka, ni ma zan faɗi nawa ra'ayin.

Da farko dai ba su taɓa haɗuwa ba, ko kusa. An haifi Newton a wani ƙauye Woolsthorpe a Ingila a ƙarshen 1642 bisa kalandar da Ingila ke amfani da ita lokacin, ya rasu 1727. Einstein kuma a garin Ulm na Jamus aka haife shi 1879, ya rasu a Amurka 1955. Shekara 152 kenan tsakanin rasuwar wancan da haihuwar wannan, to ka ga ba abu ɗaya suka tarar a ƙasa ba. Newton ya tarar da aikin Galileo kan yadda abu ke faɗuwa, da na Kepler kan yadda duniyoyi ke kewaya rana, amma babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya, kuma lissafin da za a yi aikin da shi ma bai kammalu ba, sai da ya zauna ya ƙirƙiri kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa, da kansa. Leibniz ma a Jamus ya gano kalkulas ɗin a nasa ɓangaren, abin da ya jawo rigimar da ba ta mutu ba har suka mutu. Shi kuwa Einstein ya tarar da gida a gine, ga Newton ga Faraday da Maxwell masanan lantarki da maganaɗisu, har lissafin da ya buƙata daga baya ma masanin lissafi Riemann ya riga ya shimfiɗa shi, abokinsa Marcel Grossmann ne ya nuna masa hanyar shiga. A wannan gaɓar dai Newton ya fi shan wuya, babu tantama.

Wani abu da suka yi kama shi ne dukkansu suna samari suka yi abin mamaki, kuma ba a cikin aji ba. A 1665 annoba ta ɓarke a Ingila aka rufe jami'ar Kambirij, Newton ya koma ƙauye yana ɗan shekara 22 zuwa 23, a wannan zaman gidan ne ya fara kalkulas da gwajin haske da tunanin girabiti, wato ƙarfin da ke jawo abu ƙasa. Einstein kuma bayan ya gama karatu a Zurik bai samu aikin koyarwa a jami'a ba, sai ya ƙare a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern na Suwizalan, ma'aikacin ofis kawai, a nan ne a 1905 yana da shekara 26 ya fitar da takardu huɗu a shekara ɗaya: ɗaya kan haske, ɗaya kan motsin ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa wanda ya taimaka aka tabbatar da cewa atam gaskiya ne, ɗaya rilatibiti na farko, wato bayaninsa cewa awon lokaci da nisa yana canzawa da gudun mai awo, sai ta ƙarshe mai E=mc². Wannan lissafin na ƙarshe ma'anarsa abu mai nauyi makamashi ne a dunƙule, giram ɗaya tak in ya juye gaba ɗaya zai ba ka wajen yunit miliyan 25 na wutar lantarki, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Af, labarin nan da ake yawo da shi wai Einstein daƙiƙi ne a makaranta har ya faɗi lissafi, ba gaskiya ba ne, a daina lallashin rago da shi.

A kan haske, Newton ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya fito da launukan bakan gizo, sannan ya nuna cewa ba gilashin ne ya rina hasken ba, dama launukan suna cikin farin hasken. Ya kuma ƙera na'urar hangen nesa mai amfani da madubi a 1668. Einstein shi kuma ya ce haske ƙunshi-ƙunshi yake zuwa, kuma da haka ya bayyana yadda haske ke fizgo elektiron, ƙananan ƙwayoyin lantarki, daga jikin ƙarfe, kuma a kan wannan aka ba shi kyautar Nobel ta 1921, ba kan rilatibiti ba kamar yadda mutane da yawa ke zato. In ana maganar haske kuma bai kamata a tsallake Ibnul Haisam ba, mutumin Basra da ya yi aiki a Alƙahira, shi da sama da shekara 600 kafin Newton ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido, ba ido ne ke harba haske waje ba.

Yanzu ga inda tambayarka take, girabiti.

Newton ya ce duk abubuwa biyu masu nauyi suna jan juna, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa ta wata ƙa'ida: ka ninka nisa sau biyu ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sau uku ya koma ɗaya cikin tara. Abin burgewar ba labarin tuffar da ake cewa ya ga ta faɗo daga bishiya ba ne, kowa ya san abu na faɗowa ƙasa tun kaka da kakanni, abin burgewar shi ne ya ce abin da ke jawo tuffa ƙasa shi ne dai yake riƙe da wata a sama. Kuma ya gwada da lissafi. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka nisan da mu muke da shi daga tsakiyar wajen sau 60, to 60 sau 60 ya ba ka 3,600. Dutse in ka sake shi yana faɗuwa kusan mita 4.9 a sakan na farko, raba wannan gida 3,600 za ka samu milimita ɗaya da ɗan ɗori, kuma haka ɗin ne wata ke karkatowa wajen duniya a kowane sakan yayin da yake tafiyarsa. Wato wata faɗowa yake yi kullum, gudun da yake yi gefe ne ya hana shi isowa. Wannan da dokokin motsi guda uku duk suna cikin littafinsa Principia na 1687, wanda Edmond Halley ya matsa masa ya rubuta har ya biya kuɗin bugawa daga aljihunsa.

Kuma lissafin ya yi aiki fa ba wasa ba. Halley ya yi amfani da shi ya ce tauraro mai wutsiyar nan da yanzu ake kira da sunansa zai dawo wajen 1758, ya kuwa dawo bayan shi Halley ɗin ya rasu. A 1846 wani Bafaranshe Le Verrier ya ga duniyar Yuranus tana ɗan kaucewa daga inda lissafi ya ce, ya zauna da alƙalami ya ce akwai wata duniyar da ke janta, a duba wuri kaza, aka duba daga Barlin aka ga Neftun kusan daidai inda ya nuna. Da alƙalami fa, malam.

Amma akwai abu biyu da suka ƙi zama. Na farko shi kansa Newton bai san ta yaya rana ke jan duniya ba alhali babu komai tsakaninsu, kuma a lissafinsa jan nan take yake isowa ba ɓata lokaci, bai ɓoye ba, ya faɗa cewa dalilin girabiti bai gano shi ba kuma ba zai ƙirƙiro ba. Na biyu duniyar Makyuri, wadda ta fi kusa da rana. Hanyar da take bi tana ɗan juyawa a hankali, an lissafa jan duk sauran duniyoyi amma aka samu ragowar da ta ƙi shiga lissafi, in ka raba digiri ɗaya gida 3,600, guda 43 daga ciki a duk shekara 100. Ƙanƙanin abu amma ya hana masana barci, har Le Verrier ɗin nan ya ce wata duniyar ce a ɓoye kusa da rana aka raɗa mata suna Vulcan, aka yi ta nema ba a gan ta ba don babu ita.

Einstein ta wata ƙofa ya shigo. Ya lura cewa mutumin da ke faɗowa daga sama ba ya jin nauyin jikinsa, kuma wanda aka rufe a cikin lifta ba zai iya bambance jan ƙasa da fizgar lifta ba. Daga wannan tunanin ya yi shekara takwas yana fama, sai a Nuwamba 1915 ya kammala rilatibiti na biyu. Abin da ya ce shi ne babu wata igiya da ba a gani tsakanin rana da duniya, abu mai nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci da ke kewaye da shi ne, duniya kuma tana bin hanya mafi miƙewa da ta samu a cikin wannan lanƙwasar. Da ya saka Makyuri a lissafinsa sai 43 ɗin nan ta fito cif, ba tare da wata ɓoyayyar duniya ba. Sannan ya ce hasken tauraro ma in ya gifta kusa da rana zai karkace, ninki biyu na abin da za a samu ta hanyar Newton. Ba a iya ganin taurari kusa da rana sai lokacin kusufi, don haka saboda kusufin ranar 29 ga Mayu 1919 masanin taurari Arthur Eddington ya je tsibirin Principe, nan kudu da Najeriya a mashigin tekun Gini, wata tawagar kuma ta je Sobral a Barazil, suka ɗauki hotuna. Sakamakon da aka sanar a Landan a Nuwamban shekarar ya goyi bayan Einstein, daga ranar sunansa ya cika duniya.

To ya ƙaryata Newton kenan? A wajen bayanin mene ne girabiti, eh, hoton Newton na jan nan take da lokaci guda ɗaya ga kowa ya faɗi. A wajen lissafi kuwa a'a, don in ka ɗauki lissafin Einstein ka ce gudun bai kusa da na haske ba, wato kilomita 300,000 a sakan, kuma girabitin ba mai tsanani ba ne, da kansa yake komawa na Newton. Kamar mudu ne da sikelin masu sayar da gwal, sikelin ya fi mudu daidaito nesa ba kusa ba amma ba wanda zai auna buhun gero da shi. Injiniyan da ke gina gada ko dam, da mai ƙera mota, har waɗanda suka kai mutum wata a 1969, da lissafin Newton suka yi aiki. Shi ya sa yara ke karanta shi, kuma ba yadda za a yi ka gane Einstein ba ka bi ta kan Newton ba.

Inda Newton ba ya isa kuma yana cikin aljihunka yanzu haka. Taurarin ɗan'adam na GPS suna sama wajen kilomita 20,000, agogonsu yana gaba da namu saboda girabiti ya fi rauni a can, yana kuma ɗan ja baya saboda gudun da suke yi, in an haɗa an cire suna wuce mu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum. Kamar ba komai ba ko? In ba a gyara ba kuskuren taswirar wayarka zai riƙa taruwa wajen kilomita 10 a rana. Sannan a Satumba 2015 wasu na'urori da ake kira LIGO a Amurka suka kama girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da girabiti ya yi tsananin da ko haske ba ya iya fita, abin da lissafin Einstein ya yi hasashe shekara kusan 100 kafin nan.

Halinsu kuwa sun sha bamban. Newton bai taɓa aure ba, mutum ne mai riƙo, ya yi rigima da masanin kimiyya Robert Hooke ya yi da Leibniz, ya ɓata shekaru yana binciken alkimiyya, wato neman juya ƙarfe ya zama gwal, daga baya ya shugabanci gidan buga kuɗin Ingila yana farautar masu jabun kuɗi har an rataye wani. Einstein ya ƙi komawa Jamus da Hitler ya hau mulki a 1933 ya zauna a garin Princeton na Amurka, ya sa hannu a wasiƙar 1939 da ta gargaɗi Shugaba Roosevelt na Amurka kan yiwuwar bam ɗin nukiliya, amma ba ya cikin waɗanda suka ƙera shi.

In ka matsa min sai na zaɓa, Newton zan ɗauka, da ɗan rinjaye. Dalilina, Einstein ya gyara fiziks ne gyara mai zurfin da ba wanda ya taɓa yin irinsa, amma Newton ne ya fara nuna cewa doka ɗaya ta lissafi za ta iya ɗaukar dutse da wata da cikar teku gaba ɗaya, kuma da kayan aikin da shi ya ƙera. Wanda ya ce Einstein ba zan yi musu da shi sosai ba, musamman in ya kawo hujjar cewa rilatibiti na 1915 kusan daga tunani zalla ya fito kafin gwaji ya biyo baya. Kuma shi ma Einstein ɗin yana da inda nasa ya tsaya, bai taɓa gamsuwa da ilimin kwantam ba, wato ilimin ƙananan abubuwa irin su atam, duk da yana cikin waɗanda suka assasa shi, ya yi ta jayayya da masanin fiziks Niels Bohr a kai, ya kuma ƙarar da kusan shekara 30 na ƙarshen rayuwarsa yana neman lissafi ɗaya da zai haɗa girabiti da lantarki bai samu ba. Har yau rilatibiti da kwantam ba a haɗa su ba, masana na nan suna ta fama.