Motar baƙi zuwa Cape Point: direba ya fita kunyarmu, ofishinsu ya ci amanarmu

Tambaya ɗaya na yi wa matar da ke ofishin kamfanin nan mai kwasar baƙi daga Kef Tawun zuwa Cape Point, wani tsinin dutse da ya kutsa cikin teku a Afirka ta Kudu, kuma sai da na nanata ta kafin in biya kuɗin kujera biyu: motarku tana kai mutum har inda ake tsayawa a hango teku? Na gaya mata dalilina. Da kawuna zan tafi, dattijo ne mai ciwon gwiwa, bene hawa ɗaya ma sai ya tsaya ya huta a tsakiya. Ta ce in kwantar da hankalina, a bakin wurin ake sauke kowa. Da wannan maganar tata na biya, kuma maganar ba gaskiya ba ce.

Ga yadda wurin yake, tunda su ba za su gaya muku ba. Duk motar da ta zo, ta haya ce ko ta gida, a filin ajiye motoci na ƙasa take tsayawa. Tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda dominta kowa yake zuwa, tana can bisa ƙololuwar dutse, sama da mita 200 daga saman ruwa. Daga filin motoci ko dai ka taka da ƙafa ta wata shimfiɗaɗɗiyar hanya mai hawa, ko ka sayi tikitin ɗan taragon nan da igiyar ƙarfe ke ja, mai tafiyar mita 585 a kan dogo. Taragon ma ba ya kai mutum ƙarshe. Inda ya sauke ka akwai sauran matakala na dutse masu yawa, kuma babu wata dabara sai hawa. Wanda sana'arsa ke nan kullum, sayar da kujerar zuwa wurin nan, ba zai ce bai san haka ba.

Da safe dai babu abin da zan kushe. Mota ta zo a kan lokaci, tsaf da ita, direba saurayi ne mai fara'a. Muka bi ta Hout Bay muka hau hanyar Chapman's Peak, wadda aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe ta a 1922. Kilomita 9 ce kacal amma lanƙwasa 114 ce a cikinta, dutse a hagunka, teku a damanka can ƙasa. Kawu bai ce uffan ba har muka gangara, hannunsa riƙe da kujerar gabansa, idonsa a taga. A raina na ce kuɗina sun fara biyan kansu.

Sai aka karkata da mu wani shagon kayan tsaraba a gefen hanya, wanda babu shi sam a tsarin tafiyar da suka turo min. Aka ce minti goma ne. Muka share kusan awa guda, wasu na cinikin duwatsun wuya, mu muna zaune a mota muna kallon rana tana ɗagawa. Kafin mu isa ƙofar gandun, domin Cape Point a cikin gandun ƙasa na Table Mountain yake, layin motoci ya riga ya yi tsawo. Daga ƙofar kuma akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 10, a hankali, saboda jiminu da birai suna tsallaka hanya. Muna sauka a filin motoci direba ya dubi agogonsa ya ce awa ɗaya muke da ita, kowa ya dawo.

Na ɗaga kai na ga hasumiyar can sama, na dubi layin masu jiran tarago ya nannaɗe har waje, na dubi Kawu. Shi ma ya gani. Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa ya ce, “Ɗana, je ka kai kaɗai, ka ɗauko min hoto. Ni daga nan ma na ga teku.” Wallahi maganar nan ta soke ni. Mutumin da ya daɗe yana zancen wurin nan, ya taso tun sassafe ya shirya, a ce zai ƙare a filin ajiye motoci yana shaƙar hayaƙin manyan bas. Na ce, “Kawu, ba zan hau in bar ka ba.” Ya ce ba za a yi asara biyu ba. Muna cikin wannan ja-in-ja ne direban ya matso ya tambayi abin da ya faru.

Da na gaya masa abin da aka ce min a ofis, sai da ya girgiza kai. Ya ce shi babu wanda ya sanar da shi akwai dattijo mai ciwon ƙafa a cikin fasinjojinsa, da ya sani da Cape Point zai fara zuwa kafin jama'a su cika. Bai tsaya dogon bayani ba. Ya kulle motarsa, ya zaunar da Kawu a inuwa, ya ce in je in sayo tikiti shi zai riƙe mana layi. Haka muka shiga taragon mu uku, ya lallaɓa ya samo wa Kawu wurin zama. Tafiyar 'yan mintuna ce.

A gindin matakalan ne yaron nan ya nuna ya san aikinsa. Iskar kudu maso gabas da aka san yankin da ita tana kaɗawa sosai a ranar, har sai mutum ya karkata kafin ya tsaya daidai. Ya ce Kawu ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya karɓi sandar ya miƙa min, ya tsaya ta ɓangaren da iska ke bugowa, ya ɗora hannun Kawu a kafaɗarsa. Ƙafar lafiya ta fara hawa, mai ciwon ta biyo, haka ya koya masa. Ya san duk lungun da katanga ke tare iska, nan yake tsayar da mu a huta, ba tare da ya nuna wa tsohon cewa dominsa aka tsaya ba: sai ya yi kamar yana nuna mana wani abu a teku. Mutane suna wuce mu suna saukowa, bai ko kalli agogo ba. Kawu yana haki yana cewa, “Samari, Allah ya yi maka albarka,” ni ina fassara masa, shi yana dariya yana cewa saura kaɗan.

Muka kai. Kawu ya dafa katanga da hannu biyu ya leƙa. Can ƙasa ruwa yana dukan duwatsu yana tashi fari fat, kuma tsuntsayen teku da ke sheƙa a jikin dutsen suna shawagi a ƙarƙashinmu, mu ne a sama da su. Ta gabas ga faɗin ruwan False Bay da tsaunuka a ɗaya gaɓar, ta yamma ga farin yashin gaɓar Dias a matse tsakanin duwatsu, gaba da shi ga tsinin Cape of Good Hope, wanda Bartolomeu Dias ɗan Fotugal ya kewaya a 1488. Hoto ba ya ɗauko zurfin nan, kuma ba ya ɗauko ƙarar ruwan.

Kawu, da yake mutum ne mai son sanin dalilin abu, ya tambaya ko har yanzu ana kunna fitilar. Direba ya ce an daina tun da daɗewa, kuma tsawon wurin ne ya jawo. An fara kunna ta a 1860, amma an ɗora ta sama da yawa, gajimare da hazo suna yawan lulluɓe ta, jirage ba sa ganin haskenta a lokacin da suka fi bukata. A 1911 wani jirgin ruwan Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutsen Bellows da ke ɓoye a ruwa kudu da nan ya nutse. Bayan haka aka gina sabuwar hasumiya can ƙasa kusa da tsinin dutsen, mita 87 kawai daga saman ruwa, ta fara aiki a 1919. Kawu ya jinjina kai, ya sa aka maimaita masa shekarun.

Mun makara da dawowa, ba kaɗan ba. Wasu daga cikin fasinjoji sun cika sun batse, wata ta fara faɗa tun kafin mu ƙaraso. Direba ya ce laifinsa ne, shi ya ja lokaci, ya buɗe wa Kawu ƙofar gaba. A wannan lokacin da an miƙo min takarda in ba kamfanin maki, da cikakke zan ba su, don zuciyata ta yi sanyi ƙwarai.

Amma da muka kama hanya na fara lissafi, sai raina ya sake ɓaci. Wajen saukowa na ga wata siririyar hanyar ƙafa da ta ratsa ta bayan tsohuwar hasumiya ta nufi tsinin dutsen, hanyar da masu kula da fitila suke bi a da. Ta nan ne ake ganin sabuwar hasumiyar da kyau, kuma zuwa da dawowa kusan awa guda ne. Awar da aka ƙona mana a shagon tsaraba ke nan. Da Kawu ya zauna ya huta a sama ni na taka na dawo. Akwai kuma hanyar katako da ta tashi daga filin motoci ta bi saman gaɓar Dias har Cape of Good Hope, tafiyar da ba ta kai awa ba ga mai lafiyar ƙafa. Na ga mutane a kanta, ƙanana daga nesa, suna tafe a bakin dutse. Mu kuwa a mota aka zagaya da mu, aka sauke mu muka bi wani layin don ɗaukar hoto a gaban allon katako, aka ce mu yi sauri. Wurin da duk daɗinsa a tafiyar ƙafa yake, sun mai da shi wurin sauka a ɗauki hoto a koma mota.

Sannan ga abin da suka buga a takardar tallarsu, wai a nan ne Tekun Atilantika da Tekun Indiya suka haɗu, har wani fasinja yana nuna wa matarsa wani layin kumfa a ruwa yana cewa ga mahaɗar can. Ba haka ba ne. Iyakar tekunan biyu a Cape Agulhas take, kimanin kilomita 150 daga nan ta kudu maso gabas, kuma can ne ƙarshen nahiyar Afirka ta kudu. Shi direban da na tambaye shi a gefe bai musa ba. Cape Point ba ya bukatar a yi masa ƙarya kafin ya burge mutum, to me ya sa za a sayar wa baƙo da abin da babu?

Da muka koma masauki na rubuta musu, cikin ladabi, na yaba wa direbansu, na faɗi abin da aka gaya min da abin da na tarar. Amsar da ta zo ita ta ƙarasa ɓata min rai. Wai a cikin sharuɗɗansu an rubuta cewa tafiyar tana ɗauke da ɗan tattaki, kuma tikitin tarago ba ya cikin kuɗin. Babu ban haƙuri ko na kalma ɗaya, babu zancen shagon da aka kai mu ba da saninmu ba, babu ko tambayar yaya jikin tsohon. Sai tayin rangwame idan zan sake tafiya da su. Kawu kuwa kwana ya yi gwiwa a kumbure, ko da yake har yanzu bai yarda a ce an yi kuskuren hawa ba, kuma kullum sai ya sa yaron nan a addu'a. Abin da ke damuna shi ne, da wani direban muka samu, mai bin agogo kawai, da tsohon nan a filin motoci zai zauna har mu dawo. Bai kamata mutum ya biya kuɗinsa sannan ya dogara da sa'ar samun mutumin kirki ba.

Wani zai ce me ya hana mu bin jirgin ƙasa. Akwai shi, yana tashi daga Kef Tawun ya bi bakin ruwa ta Muizenberg da Kalk Bay da Fish Hoek, amma a Simon's Town layin ya ƙare. Daga nan babu bas ta yau da kullum da ke shiga cikin gandun, sai ka nemi tasi, kuma ka daidaita da shi tun farko ya jira ka ko ya dawo ya ɗauke ka, don a can ciki ba a tsayawa bakin hanya a tare mota. Ga matashi mai jaka a baya wannan ba komai ba ne. Da dattijo ba zan gwada ba.

In zan koma, motar haya zan ɗauka ta yini guda, in tuƙa da kaina ko in sami direban da lokacinsa nawa ne. Tafiyar ta haura kilomita 60 daga cikin gari, don haka da sassafe zan fita, in wuce kai tsaye Cape Point kafin manyan bas su iso, in bar Chapman's Peak sai a dawowa, tunda ita ma akan rufe ta idan yanayi ya ɓaci. Takalmi mai kama ƙasa da riga mai tare iska dole ne, ko da ana zafi a cikin gari. Mai zuwa da motarsa kuma ya kulle ta ko da yana tsaye kusa da ita, ya ɓoye duk abin ci, domin gwaggon birin wurin sun iya buɗe ƙofar mota, kuma ba su abinci laifi ne da ake cin mutum tara a kansa.