Sharhi: Wata Huɗu da Katin GTX 1050 Ti a Cikin Tsohuwar OptiPlex 7010

Kwamfutar da nake aiki da ita a shagona Dell OptiPlex 7010 ce mai dogon akwati, irin waɗanda aka fara fitarwa a 2012 domin ofisoshi, kuma ta hannu na saye ta kamar yadda yawancinmu muke yi. Furosesar da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar injin, i5-3470 ce, tare da RAM giga 16 da na ƙara daga baya, sai ƙaramin katin hoto Radeon HD 7470 da ta zo da shi. Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima, kuma a nan ne tsohon katin ya gaza, domin da zarar na ɗora bidiyon da aka ɗauka da wayoyin yanzu sai hoton ya riƙa tsalle yana cijewa, fitar da aikin minti talatin kuwa sai in bar injin in tafi sallah in ci abinci in dawo bai gama ba. Wannan ne ya sa na nemi katin hoto GeForce GTX 1050 Ti.

Dalilin zaɓinsa guda ɗaya ne, wato wuta. Katin ya fito a Oktoban 2016 da ma'ajiyar giga 4, kuma wat 75 kawai yake ci, wanda shi ne iyakar abin da gurbin PCIe, inda ake soka katin a kan madabod (babban faifan da sassan kwamfuta suke haɗuwa a kai), yake bayarwa. Akwatin wutar wannan kwamfuta wat 275 ne kuma ba shi da wayar nan mai baki shida da manyan katuna suke buƙata, saboda haka na nace sai samfurin da ba ya neman ƙarin waya, tun da akwai masu neman ta a cikin irinsa. Kamfanin Nvidia, mai wannan kati, ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 300, amma da na haɗa wat 77 na furosesa da 75 na kati na ga akwai sauran sarari, sai na yi shahada.

Matsala ta farko ta zo tun kafin in kunna injin. Katin ya ƙi zama daidai a gurbinsa saboda kawunan wayoyin SATA, masu haɗa ma'ajiyar bayanai da madabod, suna tsaye a bayansa, a kan layin da jikinsa yake bi. Ba laifin kowa ba ne, injin ofis ne da ba a tanade shi domin kati mai kauri ba. Na sauya wayar ma'ajiyar bayanai (hard disk) da mai lanƙwasasshen kai, na mayar da ta na'urar faifai wata kafa, katin ya zauna har maƙullin gurbin ya yi ƙara.

Abin da ya cinye mini kwana uku shi ne allo. Monitata tsohuwa ce mai kafar VGA kaɗai, shuɗiyar nan mai ramuka goma sha biyar, kuma shekara da shekaru ina haɗa ta da tsohon katin ta hanyar ƙaramar adaftar DVI. Da na zo sa adaftar a sabon katin sai ta ƙi shiga, na ɗauka wani tsinke ne ya lanƙwashe, na duba da tocila ban ga komai ba. Wani mai shago ya ba ni wata adaftar wadda ta shiga lafiya lau, amma da na kunna, fankar katin tana juyawa, fitilar injin tana ci, allo kuwa baƙi ƙirin. Na zare katin na mayar ya fi sau biyar, na goge haƙoransa, na cire RAM na sake sawa, har na cire ƙaramin batirin madabod, duk a banza. Da na mayar da wayar kafar VGA ta jikin kwamfutar, sai ga rubutu yana sanar da ni cewa akwai katin hoto a ciki amma na haɗa allo da kafar da ba tasa ba. A gaskiya wannan rubutu ne ya fara kwantar mini da hankali, domin ya nuna injin ya ga katin, ba matacce aka sayar mini ba.

Amsar ta fito ne ranar da na ɗauko talabijin daga gida na haɗa da wayar HDMI, nan take tambarin Dell ya bayyana. Bayanin kuwa shi ne kafar DVI iri biyu ce a aikace. Ta tsohon katin DVI-I ce, tana da ƙarin ramuka huɗu kewaye da faffaɗan tsinken gefe, kuma ta nan ne siginar analog da VGA ke fahimta take bi. Katunan jerin GTX 10 sun daina fitar da analog gaba ɗaya, kafarsu DVI-D ce wadda ba ta da waɗannan ramuka, shi ya sa adaftata ta farko ta ƙi shiga, ta biyun kuma ta shiga amma babu abin da za ta ɗauko. Magani shi ne adaftar HDMI zuwa VGA mai ɗan guntun lantarki a ciki wanda yake juya siginar da kansa. Da ita monitar ta kawo hoto, ko da yake rubutu bai kai kaifin da yake da shi a talabijin ba.

Wannan wahala ta tuna mini da wani abu da ya faru ranar saye, wanda sai daga baya na gane girmansa. A shagon farko an nuna mini kati mai sunan 1050 Ti a jikin kwali, farashinsa ƙasa da na sauran sosai, kuma yana da shuɗiyar kafar VGA, har na ce wannan ne ya dace da monitata. Abin da ya hana ni ɗauka kawai shi ne mai shagon ya ƙi yarda a gwada shi a gabana. Ashe kafar nan ita ce babbar alamar jabu, domin an daɗe ana ɗauko tsofaffin katuna irin GTS 450 na 2010 a sauya musu bayanin ciki su riƙa kiran kansu 1050 Ti. Na gaskiyan yana da ƙwayoyin CUDA, wato ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin katin, guda 768, GTS 450 kuwa 192 gare shi, kuma manhajar GPU-Z tana nuna wannan cikin minti ɗaya. Da na gwada nawa na ga 768, sai na yi hamdala.

Batun direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, bai ɗauki lokaci ba. Allon ya riƙa ƙiftawa saboda ragowar manhajar tsohon katin, sai na share ta da Display Driver Uninstaller a yanayin Safe Mode, na sauke sabuwa da datar dare saboda nauyinta, shi ke nan.

Saura matsala guda, wadda na fara ɗora wa akwatin wuta alhali ba shi da hannu. Sau biyu injin ya mutu ana tsakiyar fitar da bidiyo, duka da rana tsaka. Na riga na fara tambayar farashin sabon akwatin wuta kafin in duba ma'aunin zafi in ga furosesa ce take ƙuna, ba katin ba. Da na ɗaga fankarta na tarar da ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin ƙarfen kamar auduga, man da ke tsakaninsa da furosesa kuma ya bushe ya zama gari. A da injin yana jurewa, amma sabon katin ya ƙara ɗumi a cikin akwati, ga zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40. Na hure ƙurar, na shafa sabon mai, tun daga ranar bai sake mutuwa ba, kuma akwatin wutar na asali yana nan yana aikinsa.

A wajen aiki katin ya biya buƙata. Bidiyon 1080 yana tafiya sumul a lokacin yanka, fitar da aiki ya ragu ƙwarai saboda sashen NVENC da ke cikin katin yana ɗauke wa furosesa nauyin matse bidiyo, kuma fankarsa ba ta damuna da ƙara. Inda yake ja da baya shi ne bidiyon 4K idan na ɗora masa gyaran launi, kuma a nan ma rabin laifin na furosesar 2012 ne. Ina ganin ya dace da wanda yake da irin wannan injin a hannu kuma zai sayi katin na hannu bayan gwaji, amma ba zan ce a saye shi domin sabuwar kwamfuta ba, musamman ganin cewa wannan furosesa ba ta cikin waɗanda Windows 11 ya amince da su, tallafin Windows 10 na kowa da kowa kuma ya ƙare a Oktoban 2025. Kuɗin da na ware wa akwatin wuta yanzu na mayar da su kan monita mai kafar HDMI, domin in rabu da adaftar da ke rataye a bayan tebur.