Wata uku ina neman Baturen kuza a kundayen Ingila

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, 'yar wani Bature ce da ya yi aikin haƙar kuza a Bukuru a zamanin mulkin mallaka, kuma abin da ya rage mana nasa bai wuce sunansa da aka rubuta a bayan wani tsohon hoto ba. Da wannan suna kaɗai na yi rajistar wata uku a ɗaya daga cikin shafukan binciken asali na Ingila, irin waɗanda ake biya da fam.

Kafin in kashe ko kwabo, na fara da shafin kyauta mai suna FreeBMD, inda 'yan sa kai suka kwafe fihirisar haihuwa da aure da mutuwa ta Ingila da Wales, wadda ta faro daga 1837. A nan na ci karo da mutum huɗu masu suna iri ɗaya, amma guda ne aka haifa a gundumar Redruth da ke Cornwall, yankin da ya yi suna wajen haƙar kuza, don haka shi na bi.

Inda shafin biyan ya ci kuɗinsa shi ne ƙidayar 1911, domin hoton ainihin takardar da maigida ya cika da hannunsa ake nuna wa mutum. Na ga rubutun mahaifinsa, mai karkata kamar na wanda bai saba riƙe alƙalami ba, ya rubuta cewa matarsa ta haifi 'ya'ya tara, uku sun rasu, shi da 'ya'yansa maza kuma duk a ramin ma'adinai suke nema. Daga nan jerin fasinjojin jiragen ruwa ya nuna mini shi ya tashi daga Liverpool zuwa Legas a jirgin kamfanin Elder Dempster. A ƙidayar 1921 ba ya gida, sai dai na tarar da matarsa da yara biyu, abin da babu wanda ya taɓa ji a gidanmu, kuma sai da na kwana biyu kafin in iya gaya wa kowa.

Bayan wannan akwai giɓi, wanda ba laifin shafin ba ne: takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a gobarar 1942, ta 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi ta. Rajistar jama'a da aka yi a 1939, a farkon yaƙin duniya na biyu, ita ce ta sake fito mini da shi, ya koma garinsu ya yi ritaya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda masu kwafe suka gurɓata sunan danginsa har sau biyu, na yi mako guda ina lalube, sannan kuɗin rajista ya sabunta kansa ba tare da na ankara ba. Salsalar da wasu masu amfani da shafin suka haɗa ma sai an tace, domin wani ya aurar da shi tun yana ɗan shekara shida.

Ga mai neman ɓangaren Ingila na asalinsa, shafin ya cancanci kuɗin wata ɗaya, muddin yana da cikakken suna da kimanin shekarar haihuwa. Na buga takardar 1911 na kai wa mahaifiyata, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in nuna mata inda aka rubuta sunan uwarta, alhali babu shi a ko ɗaya daga cikin takardun da na samo.