Manhajar i-Tree a hannun masu kare bishiyoyin birni

Ƙungiyoyin sa-kai da ke dasa bishiyoyi da kula da su a cikin birane sukan gamu da cikas a rana guda, wato ranar da za su tsaya gaban hukuma su bayyana dalilin da zai sa a bar wata tsohuwar bishiya maimakon a sare ta domin faɗaɗa titi. Injiniya yana zuwa da alƙalumansa a rubuce, su kuwa ba su da hujjar da ta wuce cewa bishiyar tana ba da inuwa. Wannan giɓi ne manhajar i-Tree take ƙoƙarin cikewa, kuma a ganina ta yi nasara, ko da yake ba kowane sashe nata ne ya dace da kowace ƙungiya ba.

Hukumar kula da gandun daji ta Amurka ce ta fitar da ita a shekarar 2006, tare da haɗin gwiwar kamfanin kula da bishiyoyi na Davey da wasu ƙungiyoyin masana bishiyoyi, kuma kyauta ake amfani da ita. Kayan aiki ne da dama a ƙarƙashin suna ɗaya, amma biyu daga cikinsu ne suka fi shafar 'yan sa-kai.

Na farko shi ne i-Tree Canopy, wanda ake buɗewa kai tsaye a intanet. Mutum zai shata iyakar unguwa ko birni a kan hoton sama na taswirar Google, sai manhajar ta riƙa jefa ɗigo a wurare dabam-dabam ba tare da zaɓi ba, shi kuma ya faɗi abin da ɗigon ya faɗa a kai: bishiya ce, rufin gida ne, kwalta ce ko ciyawa. Masu manhajar sun ba da shawarar a duba ɗigo 500 zuwa 1,000, kuma a ƙarshe za ta nuna kashi nawa cikin ɗari na yankin ne bishiyoyi suka rufe, tare da gwargwadon kuskuren da ke cikin lissafin. Aiki ne mai gundura, amma ba ya buƙatar ilimin tsirrai. Rauninsa yana ga hoton da kansa, domin idan tsoho ne, ko an ɗauke shi a lokacin da ganye ya zube, bambance bishiya da ƙaramin tsiro ko inuwar gini yakan koma hasashe.

Na biyu, i-Tree Eco, shi ne mai nauyi, kuma shi ne mai bayar da hujjar da hukuma ke saurara. A nan dole a fita fili a rubuta nau'in kowace bishiya da kaurin jikinta a tsayin mita 1.37 daga ƙasa, sannan a ƙara tsawonta da faɗin rassanta da lafiyar ganyenta idan ana son sakamako mai inganci. Inda birni ya yi girma, akan ɗauki ƙananan filaye kusan 200 a matsayin samfuri, kowanne hekta 0.04. Manhajar tana haɗa wannan da bayanan yanayi da na gurɓatar iska, ta ƙiyasta kabon (sinadarin da tsirrai ke zuƙa daga iska) da bishiyoyin suka adana, da ƙura da hayaƙin da suke tsotsewa, da ruwan saman da suke tarewa kafin ya cika magudanai. Da ita aka yi binciken birnin Landan da aka wallafa a 2015, inda 'yan sa-kai suka taimaka wajen awo, aka ƙiyasta bishiyoyi miliyan 8.4 da amfanin da ya kai fam na Ingila miliyan 132.7 a kowace shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda lissafin, saboda ya dogara a kan yawan ganye, yake nuna cewa babbar bishiya guda tana yin aikin da ƙananan dashe masu yawa ba za su yi ba sai bayan shekaru. Ƙungiyar da ta saba auna nasararta da yawan dashen ranar biki za ta ga dalilin mayar da hankali ga ban ruwa, da shinge, da hana sara.

Sai dai Eco tana aiki ne a kwamfuta mai Windows, yawancin bayanan koyarwarta da Turanci suke, kuma a ƙasashen da ba a riga an shigar da bayanansu ba, sai mai amfani ya fara aika bayanan wurinsa ya jira a karɓa. Haka kuma ƙimar kuɗin da take fitarwa ta ginu ne a kan farashin wasu ƙasashe, don haka ya fi aminci a gabatar da nauyin kabon da yawan ruwa a maimakon kuɗi idan ba a gyara farashin ba. Ƙungiyar da ba ta da wanda ya ƙware wajen gane nau'in bishiyoyi, gara ta fara da Canopy, ta adana sakamakon, ta sake awon bayan wasu shekaru domin ta ga ko inuwar unguwar ƙaruwa take yi ko raguwa.