Tsofaffin taswirorin Norfolk da na'urar gano ƙarfe: abin da suka yi mini da inda suka tsaya

Ga wanda yake zaune a Ingila kuma ya sayi na'urar gano ƙarfe, shawarata ita ce kada ya ƙara kashe ko kwabo a kan wata sabuwar na'ura kafin ya zauna ya koyi karanta tsofaffin taswirorin gundumar da yake ciki. Ni a Norfolk nake, gabashin ƙasar, gundumar noma ce shimfiɗaɗɗiya mai yawan alkama da sha'ir da gwozar sukari. Tun da na shiga wannan harka nake amfani da taswirori iri uku, duka kyauta a intanet, kuma na ga ya dace in faɗi yadda na same su, domin 'yan'uwa da dama suna tambayata a waya ko da gaske taswira tana nuna inda dukiya take. Ba ta nunawa. Abin da take nunawa shi ne inda mutane suka taɓa tafiya, suka zauna, suka taru, alhali yau ba kowa a wurin sai tarakta.

Wadda na fi buɗewa ita ce ta hukumar safiyo ta Birtaniya, Ordnance Survey, wadda aka kafa a 1791. Taswirarta ta gundumomi mai ma'aunin inci shida ga kowane mil ɗaya, ta Norfolk an yi ta ne wajen shekarun 1880, akwai kuma mai inci 25 wadda ta fi ta bayani, har lambar kowace gona da yawan ekarta a rubuce. Babban ɗakin karatu na ƙasar Sikotland da ke Edinburgh ya sa su a shafinsa, kuma duk da sunansa, har da na Ingila da Wales a ciki. Abin da ya sa na riƙe shi shi ne an ɗora tsohuwar taswirar a kan hoton tauraron ɗan'adam na yau. Kana jan wani ɗan maɓalli, tsohuwar tana dusashewa, sabuwar tana fitowa. Ko kuma ka raba allon biyu, ka sa alama a wannan ɓangare, ta bayyana a wancan. A nan ne za ka ga gona ɗaya mai faɗin gaske ta yau, ashe a zamanin Sarauniya Victoria gonaki biyar ce ko shida, da shinge tsakaninsu, da burtali, da ɗan gida a kusurwa.

Karatunta yana buƙatar ɗan haƙuri saboda gajerun haruffan da masu safiyo suka yi amfani da su. F.P. hanyar ƙafa ce, W. rijiya, P. famfo, F.B. 'yar gadar ƙafa, P.H. mashaya, M.S. dutsen mil. Inda aka san akwai wani abin tarihi, sukan rubuta sunansa da wasu haruffa masu ƙawa daban da saura. Cikin waɗannan duka, hanyar ƙafa ce ta fi yi mini amfani, musamman wadda ta taso daga ƙauye ta nufi coci ko mashaya ko injin niƙa, aka kuma nome ta daga baya. Mutum yana tafiya da duhu, ko yana tsallake shinge, a nan aljihu ke zubar da abin da ke ciki. A kan layin irin wannan hanya na tono kwabbai da sisin kwabo na zamanin Victoria da na sarakunan da ake kira George, da sisi na azurfa da ya siɗe har fuskar ta kusa ɓacewa, da maɓallan riga, da ƙananan ƙararrawa na tagulla da ake rataya wa dabbobi. Da na matsa taku talatin daga layin, sai na'ura ta yi tsit. Wannan kaɗai ya isa ya gamsar da ni cewa taswirar tana aiki.

Sai dai fa, taswirar 1880 yarinya ce a ƙasar da Rumawa suka mulka kusan shekara ɗari huɗu. Duk abin da za ta kai ka gare shi, galibi na shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku ne da suka wuce. Wanda ke mafarkin siririn kwabon azurfa irin na Sarki Edward na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1272 zuwa 1307, sai ya koma baya.

A nan taswirar Norfolk ta 1797 da William Faden, wani mai buga taswirori, ya fitar take shigowa, kuma ita ce na fi so duk da ita ce mafi ƙarancin daidaito. Inci ɗaya ce ga mil, ba ta nuna iyakar gonaki, wani lokaci hanya takan karkace daga inda take a zahiri. Amma an zana ta ne daf da lokacin da majalisar dokoki ta yi ta fitar da dokokin killace filayen kiwo na jama'a, aka raba su ga masu hali, aka mayar da su gonaki. Saboda haka tana nuna makiyayan gama-gari da yanzu babu ko alamarsu. Idan ka ajiye ta kusa da wata taswirar Norfolk ta 1826, ta wani mai safiyo Bryant, za ka ga yadda yawancinsu suka ɓace cikin shekara talatin kacal. Me ya sa wannan ya dami mai neman ƙarfe? Masana tarihin wannan yanki sun daɗe da nuna cewa a ƙarni na 12 da na 13 mutanen ƙauyukan Norfolk sun riƙa barin kewayen cocinsu suna komawa bakin makiyaya su yi gida. Ke nan gefen tsohuwar makiyaya, ko da yau tsakiyar gonar sha'ir ne, nan ne jerin gidajen mutanen wancan zamani yake. Shi ya sa kuma za ka yi ta ganin coci a tsaye ita kaɗai cikin gonaki, ƙauyen yana can nesa da rabin mil. Duk wanda ya tashi a karkara a gida ya san yadda ake gane kufai: tsofaffin kukoki a wuri ɗaya, ramukan marina da suka cike, ɓaraguzan tukwane bayan ruwan sama. To a nan cocin da aka bari ita kaɗai ita ce kukar. Norfolk tana da tsofaffin coci-coci na wancan zamani sama da 650, don haka alamar ba ta da wuyar samu.

Wani dattijo a ƙungiyarmu ta masu neman ƙarfe, wanda ya fara wannan harka tun na'urori suna da nauyin tsiya, shi ya koya mini yadda ake haɗa biyun. Ka ɗauki gefen makiyayar daga Faden, ka nemo shi a taswirar 1880, domin sau da yawa yana nan a matsayin wani shinge mai lanƙwasa a tsakanin shingaye miƙaƙƙu. Miƙaƙƙun na masu killacewa ne, da igiyar awo aka yi su. Lanƙwasasshen ya girme su. Daga nan sai ka ɗora shi a kan hoton yau. Aikin dare guda ne a kan kwamfuta, amma yana rage maka yawon makonni a cikin laka.

Iri na uku su ne taswirorin ushiri. A 1836 aka yi dokar da ta mayar da ushirin amfanin gona da ake bai wa coci zuwa kuɗi, sai ya zama dole a auna kowace gona a san abin da za ta biya. Yawancinsu an yi su ne wajen 1840. Majalisar gundumar Norfolk tana da shafin da ta tara nata, tare da taswirorin killace filaye da hotunan da jiragen sojin sama suka ɗauka a 1946 da wasu na 1988. Taswirar ushiri ita kaɗai lambobi ne kawai a kan gonaki. Daɗinta yana cikin littafin da ke tafiya da ita, inda aka rubuta mai gona, da mai nomanta, da abin da ake yi da ita, da sunanta. Don wannan sai da na je ma'ajiyar takardun tarihi ta gundumar a Norwich. Sunayen gonaki suna riƙe abin da takarda ta manta. Gonar da ake kira Mill Piece, akwai yiwuwar injin niƙa ya taɓa tsayuwa a kanta ko da babu shi a kowace taswira. Fairstead filin kasuwar shekara-shekara ne. Camping Close kuwa wurin wani tsohon wasan ƙwallo ne mai kama da faɗa da aka san gabashin Ingila da shi. Duk inda taro yake, nan ake asarar kuɗi. Matsalar kawai rubutun hannun magatakardan wancan lokaci, sai ka saba da shi, kuma gonaki da yawa sunansu bai wuce "Eka Bakwai" ba.

Hotunan 1946 kuwa ina duba su ne don in san inda zan guje wa. A yaƙin duniya na biyu Norfolk cike take da filayen jiragen yaƙi na Birtaniya da na Amurka. Da yawansu an mayar da su gona, amma ƙasar tana nan cike da gutsattsarin alminiyom da kwanson harsashi, na'ura ta yi ta kuka kamar za ta tsage. Wanda ya tono abin da ya yi kama da bam ko harsashin da bai fashe ba, ya bar shi a inda yake ya kira 'yan sanda. Haka ma ramukan da taswirar 1880 ke nunawa a tsakiyar gonaki, waɗanda aka haƙa don ɗebo farar ƙasar gyaran gona: da yawa an cike su da shara daga baya, gwangwani da waya da tsohon ƙarfen garma ne za su ci maka yini.

Akwai kuma hoton da ake ɗauka da hasken lesa (laser) daga jirgin sama, wanda ke nuna tudu da kwarin ƙasa ko da a ƙarƙashin bishiyoyi. Ana yabonsa sosai, kuma a makiyayar da ba a taɓa huɗa ba yana nuna tsohuwar hanya da harsashin gida sarai. A gonakin da nake zuwa, waɗanda garma ta daɗe da bajewa, bai ƙara mini komai ba.

Inda aka ci kuɗina a banza shi ne wata manhajar waya ta biya duk wata, wadda ta yi alƙawarin nuna maka inda kake tsaye a kan tsohuwar taswira. Tunanin yana da kyau. A aikace, sabis yakan ɗauke a tsakiyar gona, ɗigon da ke nuna ka ya yi ta tsalle, batir ya ƙare kafin azahar saboda sanyi. Yanzu ina buga shafin da nake so a babbar takarda, in ja layin hanyar da jan biro, in sa a leda. A fili kuma ina neman abin da bai motsa ba tun 1880, kamar hasumiyar coci ko kusurwar wani tsohon shinge, in auna da taku daga nan. Ko da an ɗora tsohuwar taswira a kan sabon hoto da kyau, a yi tsammanin kuskuren 'yan mitoci, don takarda ce da ta shekara fiye da ɗari. Kada ka bi layi ɗaya siriri, ka share faɗi a hagu da dama, tunda garma ma tana jan abubuwa gefe.

Abu mafi muhimmanci da taswira ba ta ba ka shi ne izini. A Ingila babu ƙasar da ba ta da mai ita, har hanyar ƙafar da doka ta yarda kowa ya bi: tafiya aka yarda ka yi a kai, ban da tono. Wuraren tarihi da gwamnati ta sa a jerin kariya, dokar 1979 ta haramta amfani da na'ura a kansu sai da rubutaccen izinin hukuma, ko da mai gonar ya yarda. Kufayin da suka yi suna kamar Godwick, mai ragowar hasumiyar coci a tsakiyar makiyayar tumaki, na kallo ne kawai. Ka duba jerin kariyar kafin ka ɗora ranka a kan wuri. Amma a wajen neman izinin ma taswirar ta taimake ni ta hanyar da ban zata ba. Manomin da ba zai saurari baƙon da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da shebur a hannu ba, yakan tsaya idan ka miƙa masa hoton gonarsa na zamanin kakan kakansa. Wani da na nuna wa haka, shi ya ɗauko tabarau ya nuna mini inda mahaifinsa ya tuge shinge a shekarun 1960, da inda tsohuwar ƙofar gonar take, wadda ba ta cikin kowace taswira.

Idan Allah ya kawo rabo, akwai doka. Dokar dukiyar binne ta 1996 ta ce abin da ba tsabar kuɗi ba ne, wanda ya haura shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin ɗari nasa zinariya ce ko azurfa, ko tarin tsabar kuɗi masu irin wannan tsufa daga wuri ɗaya, sai an kai rahoto cikin kwana 14. A 2023 an faɗaɗa ta ta haɗa da wasu abubuwan ƙarfe masu muhimmancin tarihi da suka haura shekara 200. Idan gidan tarihi ya so abin, ana biyan tukuici, wanda bisa al'ada ake rabawa biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona, don haka a rubuta yarjejeniya tun kafin a fara. Sauran tsofaffin abubuwa ana kai su ga jami'in Portable Antiquities Scheme, shirin da gidan tarihi na British Museum ke kula da shi, ya rubuta su ya mayar maka. Zai tambaye ka ainihin inda ka samu kowane abu, kuma a nan ma alamar da ka yi a kan takardarka za ta yi rana. Sikotland dokarta daban ce, wanda ke can ya bincika tasu.

Manyan dukiyoyin da aka ji labarinsu, ba taswira ce ta kai mutane gare su ba. Sarƙoƙin wuya na zinariya na Snettisham, a nan Norfolk, garma ce ta fara fito da su a 1948. Tarin dukiyar Rumawa na Hoxne a maƙwabciyarmu Suffolk, a 1992 aka same shi, wanda ya same shi yana neman gudumar da ta ɓace wa wani manomi ne. Don haka idan za a tambaye ni maki, ta 1880 zan ba ta mafi yawa saboda sauƙi da daidaito, Faden ta biyo baya ga mai son tsofaffin abubuwa kuma mai haƙuri, ta ushiri kuma sai ga wanda zai iya ba da yini guda a ma'ajiyar takardu. Lokacin da ya fi dacewa a yi aikin kwamfutar shi ne Yuni da Yuli, amfanin gona yana tsaye ba mai barin ka shiga, don ana gama girbi a watan Agusta ka riga ka san gonar da za ka nema da kusurwar da za ka fara.