Yadda na kashe kwabban Hajiya da toka da lemun tsami

Jama'a na sha kunya a Birmingham ta Ingila ranar Asabar, har yanzu in na tuna sai in ji zufa. Kun san kwabban nan masu huji a tsakiya da tauraro, na zamanin Turawa, to da zan taho na ɗebo guda tara daga gwangwanin marigayiya Hajiya kakarmu, na 1952 ne, na tagulla. Wani abokin aikina ya ce akwai masu saye, ni kuma don neman suna sai na kwana ina dirzarsu da toka da lemun tsami kamar mai wanke tukunyar biki, suka yi jawur suna walƙiya.

Na kai wani ɗan shago, dattijon Bature ya sa tabarau mai ƙara girma, ya riƙe kwabon ta gefe-gefe ko fuskarsa bai taɓa ba, ya daɗe yana kallo sannan ya ce waye ya wanke? Na ce ni ne, har da murmushina. Wallahi kallon da ya min kamar na yanka masa akuya. Ashe wannan duhun da tagulla ke yi in ta tsufa shi ake saye, da ka goge shi ka bar zane-zane a jiki kuɗin ya tafi.

Amma fa mutumin bai kore ni ba, kusan awa ɗaya yana min bayani ko sisi ban kashe ba, abin da a gida in ka taya kaya ba ka saya ba sai an raka ka da harara. Ya nuna min ƙaramin harafin H a jikin nawa, wai a nan Birmingham ɗin aka buga shi a masana'antar Heaton, kwabon Hajiya gida ya dawo kenan. Sai ya ciro wani ƙaton kwabo na 1797 mai kan Sarki Joji na uku, jan ƙarfe zalla, nauyinsa oza guda cur, wani mai masana'anta Matthew Boulton ya buga shi a masana'antarsa ta Soho, nan yankin Birmingham, da injin tururi. An rufe shi ruf cikin roba da lamba a sama, wai kamfanoni irin su PCGS da NGC ke ba da maki daga 1 zuwa 70, har launi suna dubawa, wanda jansa na asali bai dushe ba ya fi mai ruwan ƙasa tsada nesa ba kusa ba. Shekara sama da 200 amma gashin kan sarkin ana ganinsa sili-sili, mu kuwa naira ɗari biyar ko wata uku ba ta yi an dunƙule ta a lalita ta sha manja.

Ina fitowa na kira ƙanwata na ce don Allah kar kowa ya taɓa sauran na gwangwanin, anini da ɗari (rabin kwabo) duk a bar su da dauɗarsu. Ta yi shiru, can ta ce Yaya ai tun bara aka haɗa wa ɗan jari-bola da tsohon risho, a kilo ya auna.