Instagram ko Behance: ina mai hoto zai baje kolinsa?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya jiya da dare. Shekara uku yana ɗaukar hotunan biki, yanzu wata ƙungiya ta ce ya turo samfurin aikinsa: shafinsa na Instagram zai ba su, ko ya buɗe Behance? To Malam, ga yadda nake kallon kowanne.

Instagram kasuwa ce. Nan ƙawayen amarya suke, nan mai neman wanda zai ɗauki kamu ko dina zai ci karo da kai. Sai dai kasuwar tana da nata tsarin jera kaya. Sabon hoto ke hawa sama, na bara da ka fi ji da shi ya nutse, in ban da guda uku da aka yarda ka maƙale a sama. Ga matse hoto. Ka ɗauki hannun amarya, zanen lalle ya fito sili-sili, kana ɗorawa ka ja shi da yatsa biyu ka tarar ya yi dishi-dishi. Maganin shi ne ka rage shi da kanka tun a kwamfuta, faɗi fiksel 1080, tsayi 1350, kada ka bar wa manhajar aikin.

Behance kuwa ɗakin nuni ne. Kamfanin Adobe ya saye shi a 2012, buɗe shafi kyauta ne. Kai ke tsara hotuna bi da bi: shigowar ango da abokansa, surfanin wuyan babbar riga kusa-kusa, sannan kukan uwar amarya, da ɗan rubutu a ƙasa in ka ga dama. Wanda ka tura wa adireshin zai gani da girmansa a allon kwamfuta. Aibinsa biyu: yana shan data, kuma Hajiyar da za ta aurar da 'yarta wata mai zuwa ba ta leƙa can.

Wajen fitar da hoton daga manhajar gyaran hoto ta Lightroom ne mutane suka fi yin ɓarna, ko ina za su kai shi. JPEG za ka zaɓa, launi kuma sRGB. In ka bar shi a Adobe RGB, jar atamfa na iya fitowa a wayar wani kamar ta sha wanki goma. Don Behance, fiksel 2048 a dogon gefe ya isa, inganci wajen 80. Ka cire bayanin wurin da aka ɗauki hoton, domin waya da wasu kyamarori suna binne shi cikin fayil, kuma gidan mutane ne. Gardamar yawan ɗigon hoto a kowane inci, 72 ko 300, ta masu wanke hoto a takarda ce, allo ba ruwansa da ita.

In sun ce lallai sai ta imel, haɗa PDF ɗaya, ka tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25. Ta WhatsApp kuma, tura shi a matsayin fayil, kada ka ɗauko daga ma'ajiyar hotuna, don can ma matsewa ake yi.

Ni da ni ne kai, Behance zan ba ƙungiyar, hoto 15 zuwa 20 kacal, in sa adireshin Instagram a ƙasa. Ko hoto ɗaya kake shakka a kansa, cire shi. Kafin fuskar kowace amarya ta hau, kira gidansu ka nemi izini. In suka ƙi, hoton hannun lallen nan ya wadatar.